Cinikin da Masarawa suka shekara 36 suna yi da Bature

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kowa yana lafiya. A gaishe min da Inna da yara. Ka tambaye ni yadin audugar nan Masar, ko ya fi abin da kuke samu a Kantin Kwari, kuma nawa ne. Amsa na tafe, amma ka yi haƙuri in bi da kai ta zagaye.

Kullum da safe jirgin ƙarƙashin ƙasa nake shiga, wanda suke kira metro. Tun 1987 yake aiki. Ba jiran a cika mota, ba ɗan kamasho, mata kuma suna da taragonsu daban. Aibinsa cunkoso: lokacin tashi daga aiki, in ka shiga da takalminka a goge, ba haka za ka fito ba. A tsakiyar gari akwai tashoshi biyar a jere: Sa'ad Zaglul, Sadat, Nasir, Urabi, sai Shuhada. Na daɗe ina wuce su ban kula ba, sai da wani dattijo mai sayar da yadi a Wikalatul Balah ya ce min duk labarin fitar Ingila daga ƙasarsu yana cikin waɗannan sunaye.

Urabi shi ne hafsan da Turawan Ingila suka ci da yaƙi a Tallul Kabir a 1882, suka mamaye ƙasar da sunan ba za su daɗe ba. Sa'ad Zaglul kuwa, jagoran masu neman 'yanci, shi ya buɗe ciniki. A Nuwamba 1918 ya je wurin wakilin Ingila da abokansa biyu, suka nemi a bar su su kai maganar 'yanci Landan. Aka hana, aka kuma kore shi zuwa tsibirin Malta a Maris 1919, ƙasa ta kama da wuta.

Kai ɗan kasuwa ne, za ka gane salon Bature. A Fabrairu 1922 ya ce ya ba Masar 'yanci, amma ya riƙe abu huɗu: hanyoyin daularsa, wato mashigin Suez ke nan, da tsaron ƙasar, da kare baƙi da tsiraru, sai Sudan. Kamar a sayar maka da shago ne a ce makulli da ma'aji da ƙofar baya suna hannun mai shi. Zaglul ya zauna da firaministan Ingila MacDonald a 1924, aka tashi baram-baram. A 1936 firaministan Masar Mustafa Nahhas ya sallama a kan soja dubu 10 a yankin mashigin na tsawon shekara 20. Shekara shida kacal bayan haka, a Fabrairu 1942, jakadan Ingila ya kewaye fadar Abidin da tankokin yaƙi, ya tilasta wa Sarki Faruƙ gwamnatin da yake so. A 1946 an kusa daidaitawa, maganar Sudan ta ɓata komai. Kowa ya taya, ɗaya ya ce albarka.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda cinikin ya motsa daga ƙarshe. A Oktoba 1951 Nahhas da kansa ya soke yarjejeniyar da ya sa wa hannu. Sai dubban Masarawa masu aiki a barikokin mashigin suka ajiye aiki: direba, kuku, ɗan dako a tashar jirgin ruwa, makaniki. 'Yan kwangilar da ke kai nama da kayan miya suka daina kaiwa. Sansanin da ya taɓa ɗaukar soja kusan dubu 80 ya koma sai ya kwaso ma'aikata daga wasu ƙasashe, ga 'yan sari-ka-noƙe da dare. An zubar da jini ma. Ranar 25 ga Janairu 1952 aka kashe 'yan sanda wajen 50 a Isma'iliyya da suka ƙi miƙa wuya, washegari aka ƙone tsakiyar Alƙahira. Har yau ranar 25 ɗin ita ce ranar 'yan sanda a nan. A ganina, zaman ne ya yi wa Bature tsada ya fi ƙarfin ribarsa, ba daɗin bakin kowa ba.

Da sojoji suka kifar da Sarki Faruƙ a Yuli 1952, sai suka raba cinikin gida biyu. Suka fara gamawa da Sudan a Fabrairu 1953, aka bar 'yan Sudan su zaɓa wa kansu makoma. Sannan ranar 19 ga Oktoba 1954 Nasir, jagoran sojojin da suka yi juyin, ya sa hannu: sojan Ingila za su fice cikin wata 20, da sharaɗin za su iya dawowa in an kai wa Turkiyya ko wata ƙasar Larabawa hari. Mutane da yawa sun ce ya yi araha. Sojan ƙarshe ya tafi a Yuni 1956, bayan shekara 74. Ko wata biyar ba a yi ba suka dawo da yaƙi tare da Faransa da Isra'ila saboda Nasir ya ƙwace kamfanin mashigin, suka sake fita kafin ƙarshen shekara.

To, ga yadinka. Yana da alaƙa da wannan. A zamanin mamaya audugarsu ɗanya ake kwasa zuwa masaƙun Ingila a dawo musu da ita yadi, irin yadda aka yi da tamu da gyaɗar Kano. Wani mutum mai suna Tala'at Harb ya kafa Bankin Misra a 1920 da kuɗin 'yan ƙasa, bankin kuma ya kafa babbar masaƙa a Mahalla a 1927. Tana nan tana aiki, a lokacin da yawancin namu na Kaduna suka zama kufai. Na riƙe farin yadinsu a hannu: santsi, sanyi, in ka murza shi bai tashi gashi. Na jallabiya da zanen gado ba na biyunsa. Amma kada ka ɗauka duk abin da ke kasuwa shi ne. Rumfunan Ataba da Muski cike suke da kayan China kamar namu, kuma na asalin yana da tsada, musamman tun da fam ɗinsu ya faɗi a Maris 2024. Shadda da atamfa kuwa ba su san su ba, a nan Kwari ta fi.

Abinci da sauƙi in za ka iya wake da gurasa safe da dare. Gurasar suna ce mata aish, wato rayuwa, gwamnati na tallafa mata, amma ɗan ƙasa mai katin tallafi ne ke samun ta da wannan farashin. Mu baƙi sai ta kasuwa. Dillalin gida kuma ya karɓi la'ada a hannuna da hannun mai gida, sai daga baya na sani.

Na yanko samfur uku, fari biyu da ruwan toka ɗaya, zan ba masu dawowa hutu su kawo maka. Ka wanke su sau biyu ka gani kafin mu yi maganar bandir nawa.