Maganin daɓe: mai nutsewa ciki ko mai kwanciya a sama?

Ɗan'uwa, ka ce kana da daɓen kankare a gareji, jan bulo a falo, da mabul a kicin, kana neman maganin kare daɓe daga ruwa da tabo da za ka shafa musu tsakanin mai sheƙi da marar sheƙi. Kafin maganar sheƙi, a fara sanin ko danshi na tasowa daga ƙarƙashin daɓen, domin shi ne zai yanke hukunci.

Gwajin ba shi da wahala. Yanko leda mai kauri, santimita 45 ta kowane gefe, ka manna ta a ƙasa da selotef, ka bar ta aƙalla awa 16. Idan ka ɗaga ka ga raɓa a jikinta ko wurin ya yi duhu, akwai laima. Idan kuma kankaren sabo ne, a ba shi kwana 28 tukuna.

Mai nutsewa, irin su silen da siloksen, yana shiga ƙananan ramukan da ido ba ya gani, ya hana su tsotsar ruwa, amma ya bar tururi yana fita. Daɓen zai ci gaba da numfashi, kamanninsa ba za su sauya ba, ba ya ƙara santsi, kuma ba shi da ɓawon da zai ɗaye. Akwai ɗan'uwansa siliket, wanda ke haɗuwa da sinadarin kalsiyam na cikin siminti ya ƙara wa fuskar kankare tauri, ya rage ƙurar nan da ke tashi duk lokacin shara. Rauninsu shi ne ba sa tare mai sosai sai in an ɗauki wanda aka yi musamman don mai, kuma ba sa hana karce.

Mai kwanciya a sama fata yake yi wa daɓe. Akirilik siriri ne, mai sauƙin shafawa, yana fito da launi, sai dai yana cinyewa da wuri, inda ake yawan takawa yakan so sabuntawa cikin shekara 1 zuwa 3. Ifoksi kauri gare shi da ƙarfi, man inji da taya ba sa damunsa, amma rana na mayar da shi rawaya, kuma ruwa iri biyu yake zuwa, da zarar an gauraya su lokaci kaɗan ke gare ka kafin ya daskare. Foliyuretan ya fi shi jure karce, shi ya sa ake yawan ɗora shi a kan ifoksi. Dukkansu suna santsi in sun jiƙe, sai an zuba musu yashi mai laushi na hana zamewa.

Inda na fi jin takaici shi ne in ga an lulluɓe jan bulo da wannan fata. Bulo na shan ruwa daga ƙasa, ruwan ya taso da gishiri, ya bar farin gari a fuska. Idan hanya a buɗe take, burushi kawai za a sa a share. Idan an rufe, gishirin zai taru a ƙarƙashin fatar, ta yi hazo, ta kumbura, ta fara ɓarewa, cire ta daga ramukan bulo kuwa aiki ne ja. Don haka falonka mai nutsewa ya dace da shi, ko da ledar ta fito a bushe.

Mabul ma mai nutsewa za a sa masa, amma ka sani tabo kawai yake jinkirtawa. Ruwan lemun tsami ko duk wani abu mai asid zai ci fuskar mabul ko an shafa ko ba a shafa ba, sai dai a goge nan take.

Gareji ne kaɗai zan ba ka shawarar ifoksi, muddin ya ci gwajin leda, kuma aka gurje fuskarsa da inji domin ya kama. Kada ka fara sa silen a can da niyyar ɗora ifoksi daga baya, ba zai manne ba. Kowanne ka zaɓa, gwada shi a wani lungu tukuna, ka shafa siriri sau biyu maimakon mai kauri sau ɗaya, tagogi kuma a buɗe har warin ya fita.