Harsashin leza: abin da na gani bayan na daɗe ina aiki da shi

A farkon 2021 na sayi harsashin leza, wato harsashin atisaye da ke fitar da haske maimakon dalma, mai girman 9mm, a kan dala 40 da 'yan kai, kuɗin da a lokacin da ƙyar zai saya maka kwali ɗaya mai harsashi 50 a nan Texas, in ma ka samu. 'Yan'uwan da muke haɗuwa a filin harbi ranar Asabar sun sha tambayata ko ya ci kuɗinsa, shi ya sa na ga gara in rubuta kowa ya gani.

Na san mai karatu daga Zamfara ko Katsina, jin sunan harsashi kaɗai ya isa ya sosa masa rai, kuma yana da gaskiya. A Amurka kuwa harbin takarda wasa ne da doka ta yarda da shi, ana gasarsa, har a Olamfik akwai shi. A kan wannan nake magana.

Sai ka san halin da aka shiga kafin ka gane dalilin da ya sa ɗan wannan abu ya yi kasuwa. Kafin korona, harsashin gaske na 9mm na atisaye ƙasa da santi 20 nake sayen kowane ɗaya (santi 100 ne dala ɗaya). Da aka kulle gari a watan Maris na 2020, sannan zanga-zangar kisan George Floyd ta biyo baya, ga zaɓe na tafe, sai jama'a suka yi wa shagunan bindiga tsinke. A shekarar FBI ta yi binciken tantance masu neman mallakar bindiga har sau miliyan 39.7, adadin da ba a taɓa gani ba, ƙungiyar NSSF ta masu sana'ar kuma ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 8.4 ne suka sayi bindiga karon farko. A daidai lokacin ne kamfanin Remington ya karye, masana'antarsa ta harsashi da ke Lonoke a jihar Arkansas ta yi sanyi, sai da kamfanin Vista Outdoor ya saye ta kafin aiki ya farfaɗo. Kan ka ce kwabo farashi ya haura santi 60, wani wurin 70. A watan Agustan 2021 kuma gwamnatin Biden ta sanar da hana shigo da harsashin Rasha, mai kwanson ƙarfe, wanda shi ne rufin asirin mai ƙaramin ƙarfi.

Duk wannan gaskiya ne, amma ni a ganina rabin wahalar mu muka jawo wa kanmu. Wanda ya taɓa kwana a layin mai a Kano ya san wasan: da an ji ƙishin-ƙishin, mai rabin tanki ma sai ya shiga layi da jarkoki, 'yan bumburutu kuma su baje a bakin titi. Haka aka yi a nan. Shaguna suka ƙayyade kwali biyu ga mutum ɗaya, sai mutum ya zo da matarsa da surukinsa kowa ya karɓi nasa. Wasu sun haddace ranar da motar kaya ke sauka, tun asuba suna bakin ƙofa, su kwashe, su kai kasuwar baje kolin bindigogi ko gwanjon intanet su ninka kuɗi. Akwai wani dattijo a filinmu da ke alfahari da abin da ya jibge a gareji, alhali a wata bai fi ya harba kwali ɗaya ba. Jita-jita ta yi yawa cewa kamfanoni ne ke ɓoye kaya, har shugaban kamfanin harsashi na Federal, Jason Vanderbrink, ya fito a bidiyo a watan Disamban 2020 ya yi lissafi: sababbin masu harbi miliyan 7, kowa ya sayi kwali biyu kacal, harsashi miliyan 700 ke nan da babu wanda ya shirya musu. Ba kuma karon farko ba ne. A 2013, bayan harin makarantar Sandy Hook, ɗan ƙaramin harsashin .22 ya ɓace daga kantuna na tsawon lokaci.

To, shi abin da na saya, siffarsa ta harsashi ce sak, sai dai babu albarushi babu dalma. A ciki ƙananan batura ne irin na agogo da fitilar leza. Kana zura shi inda harsashi ke zama, zobban roba da ke jikinsa su riƙe shi. Da ka ja kunama, allurar bindiga ta doki robar da ke gindinsa, sai jan ɗigon haske ya haska a jikin takarda na ƙiftawar ido. Kana kafa wayarka tana kallon takardar, manhaja ta riƙa rubuta inda kowane harbi ya sauka, ta ba ka maki. Ba shi da leɓen da bindiga ke kamawa ta fitar da kwanso, don haka ko ka ja saman bindigar baya, yana nan zaune.

Inda ya burge ni shi ne wajen jan kunama. A filin harbi ƙara da tokarin bindiga suna ɓoye maka laifin hannunka, kana ganin ramin ya sauka ƙasa ta hagu amma ba ka san yaushe hannun ya motsa ba. A falo kuwa babu ƙara, babu abin da za ka laƙa wa laifi. In yatsanka ya fizgi kunama, hasken ba zai fito ɗigo ba, zai ja ɗan layi, kana gani da idonka. Wannan kaɗai ya gyara mini riƙo fiye da kwalaye masu yawa da na ƙona a baya. Minti goma bayan sallar isha'i ya wadatar, kuma ba ka biya kuɗin shiga fili ba, ba ka sayi mai ba.

Laifinsa kuma ba kaɗan ba ne, masu talla dai ba sa faɗa. Bindiga irin tawa sai an sake ɗana ta da hannu bayan kowane harbi, tunda babu albarushin da zai mayar da ita. Ke nan duk harbi sai ka saki riƙonka ka sake kamawa, kuma harbi biyu a jere, wanda shi ne ainihin gwanintar gasa, ba za ka koye shi a nan ba sam. Babu tokari, don haka wanda ya saba da leza kaɗai, ranar da ya koma fili hannunsa zai riƙa zabura tun kafin bindiga ta tashi. Na ga hakan a wurin wani ƙanenmu da ya yi wata da watanni yana cin maki a manhaja, ya zo fili yana ta mamaki. "Yaya, wallahi a gida ba na kuskure," in ji shi. Na ce masa takardar gida ba ta rama duka.

Manhajar ma tana da nata. Hasken rana ta taga ko ƙyallin fitila a jikin takarda kan sa ta rubuta harbin da ba ka yi ba, sai ka ja labule. Abubuwan da suka fi amfani a cikinta kuma an kulle su sai ka biya kuɗin wata-wata, abin da ban gani a rubuce a jikin kwalin ba. Robar gindin tana cinyewa da dukan allura, in ta lotsa sai hasken ya riƙa fashi. Hasken kuma ba lallai ya dace ɗari bisa ɗari da saitin bindigarka ba, saboda haka kada ka taɓa gyara saiti a kansa. Cire shi sai da fensir ko sandar wanke bindiga ta baki, abin da ke ɗan ban haushi.

Magana ɗaya da ba ta wasa ba: kafin ka fara, ka fitar da duk harsashin gaske daga ɗakin, ka duba cikin bindiga da ido da yatsa, takardar kuma ka manna ta a bangon da babu kowa a bayansa. Gidajen nan katako ne da allo, ba su tare komai.

Farashin harsashin gaske ya sauko daga baya, ko da yake bai koma gidan jiya ba, sannan yaƙin Yukren ya sa ana rububin albarushi, kamfanoni suka sake ƙara kuɗi a farkon 2024. Ni dai yanzu kwali ɗaya ko biyu nake ɗauka in je fili in gwada abin da na koya a gida, kuma ko an ce kaya zai yanke ba na tashi da asuba in bi layi. Wanda zai sayi harsashin leza ya tabbatar girman ya dace da bindigarsa, don na 9mm ba ya zama a .40 ko .45, ya kuma haɗa da robar gindi ta canji da batura tun a sayen farko, don in ka saye su daban kuɗin aikowa ya kusa fin nasu.