Botar roba mai laushi: da gaske tana shafuwa?

Tana shafuwa, wannan kam babu musu. Ka ciro robar daga firiji, ka buɗe murfi, ka ɗora wuƙa, sai wuƙar ta nutse ba tare da ka danna ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda aka yi ta samu wannan laushin, da kuma abin da aka rage mata kafin ta same shi.

Na jera su biyu a kan teburi da safe, dukkansu daga firiji ɗaya: dunƙulen bota na gargajiya da ke naɗe cikin takarda, da kuma ta roba wadda aka rubuta wa cewa mai sauƙin shafawa ce. Burodin yankakke ne, mai taushi, ban gasa shi ba, domin a irinsa ne bota ke nuna halinta. Ta dunƙule ta ƙi yankuwa sai da na kankaro ta ɓarɓashi-ɓarɓashi. Da na ɗora a kan burodi na ja wuƙa, sai cikin burodin ya naɗo ya biyo wuƙar, rami ya buɗe a tsakiya, botar kuma ta tsaya wuri ɗaya a dunƙule, gefuna suka tashi a bushe. Ta roba kuwa, ja biyu na yi ta kai har bakin ɓawon, siririya, burodin bai ko motsa ba. Duk wanda ke haɗa wa yara abin karyawa yana duban agogo ya san wannan bambancin ba ƙarami ba ne.

Dalilin taurin ta farko ba ɓoyayye ba ne. Bota ta asali aƙalla kashi 80 cikin 100 kitsen madara ce, ruwan da ke cikinta kuma ba ya wuce kashi 16. Firiji yana riƙe abinci a wajen digiri 4 zuwa 5, kuma a wannan sanyin babban ɓangare na kitsen madara daskarewa yake yi, ƙwayoyinsa su sarƙe da juna. Sai ta ɗumama zuwa wajen digiri 15 ko sama kaɗan sannan take sakin jiki, ta narke gaba ɗaya idan ta haura digiri 30 da 'yan kai. Shi ya sa take narkewa a baki da daɗi, shi ya sa kuma take yaga burodi idan ta fito daga sanyi.

Masu yin ta roba sun bi ta bayan gida ne: suka gauraya botar da man tsirrai, galibi man kanola, wato man girki da ake matsewa daga 'ya'yan wata shuka, wanda ba ya daskarewa a sanyin firiji. Man yana shiga tsakanin ƙwayoyin kitsen ya hana su haɗe kai. Dabarar ta daɗe, tun 1969 ake sayar da Bregott a Suwidin, wato bota da aka haɗa da man tsirrai. Idan ka juya robar Lurpak mai laushi, ta ƙasar Danmak, za ka ga an rubuta bota kashi 64, sauran kuma man kanola ne da ruwa da gishiri. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ba ta yarda a sayar da irin wannan haɗin da sunan bota zalla ba, don haka a gaban robar za ka ga kalmar shafawa da manyan haruffa, amma lissafin gaskiya yana baya da ƙananan rubutu.

Akwai wata iri dabam da ba a sa mata man tsirrai ko ɗigo. A Niyuzilan aka ƙware a kanta: ana narkar da kitsen madarar, a sanyaya shi sannu a hankali, a ware ɓangaren da ke saurin daskarewa, a bar mai laushin. Shi ma abincin saniya yana da tasiri, domin madarar shanun da ke kiwo a ɗanyar ciyawa tana ba da bota mai laushi da launin rawaya fiye da ta waɗanda ake ba busasshen abinci. Irin wannan da na ɗanɗana ba ta kai mai man kanola santsi ba idan ta fito daga firiji, sai ka ɗan danna wuƙa, amma ba ta yaga burodi, kuma ɗanɗanonta na bota ne cikakke. Da za ta samu a ko'ina, ita zan riƙa ɗauka.

Maganar ɗanɗano ita ce inda na fi daɗewa ina tunani. A kan burodi mai sanyi, tare da wani abu a sama, da wuya harshe ya bambance su. Amma a kan gasasshen burodi mai zafi, ba tare da komai ba, asiri yana tonuwa. Ta dunƙule tana narkewa ta tashi da ƙamshin nan na madara mai nauyi, ta kuma daɗe a baki. Ta roba ƙamshinta ya fi rauni, kuma bayan haɗiya tana barin wani ɗan maiƙo a harshe wanda na mai ne, ba na madara ba. Ba ta da muni, ina cin ta da daɗi, sai dai ba zan ce ɗaya suke ba.

Wadda ban ji daɗinta ba ita ce mai rangwamen kitse, da ake tallata wa masu kula da jiki. An rage kitse an cike gurbinsa da ruwa. Ta fi kowace laushi, amma a kan burodi mai zafi jiƙa shi take yi ya yi lagwab, a cikin kasko kuma sai tartsatsi.

Wani abin da tallar ba ta faɗa shi ne, duk fifikon ta roba a cikin sanyi yake. Ka yanko ɗan guntun ta dunƙule ka ajiye a faranti kafin ruwan shayi ya tafasa, ka dawo ka same shi ya kusa shafuwa. Ko ka goga ta a magogi kai tsaye a kan burodin, siraran zaren nan da nan suke laushi. Idan kuwa ɗakin girki ya yi zafi aka manta ta roba a waje, ita ce ke fara lalacewa: ta saki, mai ya taso sama, in ka mayar da ita firiji ta daskare da tsaki-tsaki, ba ta komawa yadda take.

A gashi kuma ban ba ta hanya ba. Na yi biskit da ita, kwaɓin ya yi ruwa-ruwa, suka baje a faranti suka manne da juna, domin irin wannan gashin yana bukatar kitse mai tauri da zai riƙe siffa har zafi ya kama fulawar. Kek mai taushi ya fito lafiya. Don suyar ƙwai ma ba laifi.

Yanzu ina ajiye duka biyun, ta roba don burodin safe, ta dunƙule don girki da gashi. Kafin in ɗauki sabuwar roba nakan juya ta in duba abu na farko a jerin kayan haɗi da kason da aka rubuta kusa da shi. Na taɓa ganin wadda man tsirrai ne a farko, bota kuma can ƙasa kusa da gishiri, alhali hoton saniya ya cika murfin. Wannan majarin ce, wato kitsen shafawa na man tsirrai, kuma na mayar da ita inda na ɗauko ta.