Rediyon jirgin ruwa: na hannu ko na girke?

'Yan'uwa da dama a Nima da Sabon Zongo a Accra suna da jari a kan ruwa, wani kwale-kwalen inji ne da shi a Yeji ko Dambai a bakin tafkin Volta yana ɗaukar doya da shanu, wani kuma ya haɗa hannu da masunta a Tema. Mafi yawansu wayar salula kaɗai suka bar wa direba. Ita kuwa waya, da an yi nisa da gaɓa sabis ya ɗauke, kuma ko da ta shiga mutum ɗaya take kira. Rediyon VHF, wato rediyon da jiragen ruwa ke magana da juna da shi, idan ka yi magana a tasha ta 16, tashar kira da neman agaji, duk jirgin da ke kusa kuma ya kunna nasa zai ji ka.

Iri uku za ka tarar a kasuwa. Akwai oba-oba mai araha irin ta masu gadi, wadda mai shago zai ce maka tana kama tashoshin ruwa. Ka bar masa abarsa. Ba don ruwa aka ƙera ta ba, feshi kaɗan ke kashe ta.

Gardamar tana tsakanin na hannu da na girke. Na hannu, irin na Icom ko Standard Horizon, ƙarfinsa wat 5 zuwa 6 ne. Batirinsa a jikinsa yake, ko inji ya mutu yana aiki, wasu ma idan sun faɗa ruwa suna tasowa. Duba bayan kwalin: IPX7 na nufin ya jure nutsewa zurfin mita 1 na minti 30. Sai dai muryarsa ba ta wuce 'yan kilomita, domin VHF a miƙe yake tafiya, eriyar kuma tana hannun mutumin da ke zaune dab da ruwa.

Na girke yana ba da wat 25, yana shan wuta daga batir mai bolt 12, eriyarsa a saman sanda. Tsayin sandar nan shi ne rabin aikin, har ya fi ƙarfin wat tasiri. Ga jirgin da ke ɗaukar mutane da kaya a tafkin Volta, inda kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun gina madatsar Akosombo suke fasa ƙasan jirage, ni wannan nake zaɓa ba tare da wani kokwanto ba. Ya fi tsada, ga kuɗin eriya da na mai haɗawa, amma rayuka ne a ciki. Sharaɗi ɗaya: a ɗaga batirin sama, kada ya zauna a ƙasan jirgi inda ruwa ke fara taruwa. A tafki kuma ka tabbata akwai mai saurare, ku haɗa kai da sauran masu jirage a mashigarku kowa ya riƙa barin nasa a kunne.

Ka nemi rediyo mai maɓallin nan ja na neman agaji, wanda ake kira DSC, da ke ƙarƙashin murfi. Idan aka danna, yana aika kiran neman agaji ta tasha ta 70, tare da wurin da jirgin yake idan an haɗa shi da GPS. Amma sai an saka masa lambar MMSI, wato lambar shaidar jirgin mai alƙaluma 9, ta jiragen Gana tana farawa da 627. A nan na gwanjo ke ba da matsala. Yawancinsu sau ɗaya suke karɓar lamba, idan ta tsohon mai shi tana ciki sai dillalin kamfanin ya goge. Kunna shi a gaban mai sayarwa ka gani, ka kuma duba an sa shi a tsarin tashoshin ƙasa da ƙasa, ba na Amurka ba.

Batun takarda hukumomi biyu ne. Hukumar sadarwa ta Gana, NCA, ce ke ba da izinin amfani da rediyo a ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2008, ita ce kuma ke tantance na'urorin da aka yarda a sayar, don haka tambayi mai shago shaidar tantancewar kafin ka zaro kuɗi. Hukumar jiragen ruwa ta Gana, GMA, ita ke duba lafiyar jirgin: rigunan ceto, abin kashe gobara, da layin da lodi bai kamata ya nutsar ba. Ka fara zuwa wurinsu a Accra da girman jirginka da inda yake aiki, su gaya maka kayan da ake buƙata a ajinsa, sannan ka shiga kasuwa da rasit a matsayin sharaɗin ciniki, mai ɗauke da lambar jikin rediyon.