Wace Manhajar Saurin Shafi Ya Kamata Mai WordPress Ya Zaɓa?

Duk mai shafin labarai ko na kasuwanci a kan WordPress, wato manhajar gina shafukan intanet, ya san takaicin a danna adireshin shafinsa a waya, a zauna ana kallon farin allo alhali data tana zurarewa. A ma'aunin Google, babban abin da ke cikin shafi, hoto ne ko rubutu, ya kamata ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma tun shekarar 2021 yana la'akari da wannan wajen jera shafuka a sakamakon bincike. Maganin da aka fi nema shi ne manhajar da ke adana kwafin shafin da aka riga aka haɗa, ta miƙa wa baƙo nan take, maimakon uwar garke, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, ta sake gina shi daga farko duk lokacin da wani ya shigo.

Cikin manhajojin da suka yi suna, ni dai LiteSpeed Cache na fi yarda da ita. Kyauta ce, kuma ba adana shafi kaɗai take yi ba: tana rage nauyin hotuna ta mayar da su tsarin hoto marar nauyi na WebP, tana jinkirta hotunan ƙasan shafi har sai mai karatu ya gangara wurinsu, sannan tana share tarkacen da ya taru a ma'adanar bayanai. Sirrin saurinta shi ne cewa uwar garken da kanta ce ke riƙe da ajiyar, don haka ba a ma tayar da WordPress kafin a amsa wa baƙo. A nan ne kuma sharaɗinta yake, domin wannan aikin ba ya yiwuwa sai kamfanin da ya ba ka masaukin shafi yana amfani da manhajar uwar garke ta LiteSpeed ko OpenLiteSpeed, ko kuma ka haɗa ta da QUIC.cloud, wani sabis da ke riƙe ajiyar a nasa kwamfutocin. Saboda haka, kafin ka biya kuɗin masauki na shekara, ka tambaye su wace uwar garke suke da ita, kuma kada ka yarda da amsar "muna da sauri sosai". Ba zan ɓoye aibinta ba: a watan Agustan 2024 an gano wata babbar ɓaraka ta tsaro a cikinta, aka toshe a siga ta 6.4, wanda ke nufin wajibi ne a riƙa sabunta ta a kan kari.

WP Rocket, wadda wani kamfanin Faransa ke yi, tana da sauƙin saiti kuma tana aiki a kusan kowane masauki, sai dai ba ta da sigar kyauta, ana biyanta duk shekara da kuɗin waje, kuma wanda ya taɓa fama da katin naira a irin wannan ciniki ya san abin da nake nufi. WP Super Cache ta kamfanin Automattic kyauta ce, amma aikinta bai wuce ajiyar ba. W3 Total Cache kuwa maɓallanta sun yi yawa har sabon shiga ya fi saurin lalata shafinsa da ita a kan gyara shi. Ko wacce ka ɗauka, ka ɗora Cloudflare a kai, wato sabis da ke ajiye kwafin fayilolin shafinka a cibiyoyinsa kusa da baƙi, tunda yana da tsarin kyauta kuma yana da cibiya a Legas, don haka hotunanka ba sai sun taso daga Turai ko Amurka ba.

Tsadar WP Rocket ce ta buɗe wa 'yan damfara kasuwa, kuma ni ma na taɓa faɗawa. Wani ya sayar mini da kwafinta da aka fasa a kan kuɗin da bai kai na katin waya ba, ya ce lasisin har abada ne. Shafin ya yi sauri kam, amma bayan 'yan makonni na nemi sunansa a Google sai na ga tallan caca jere a ƙarƙashinsa, kuma da na leƙa jerin masu kula da shafin na tarar da wani asusu da ban ƙirƙira ba. Kwana uku na yi ina sharar fayiloli, araha kuwa ba ta yi ado ba. Fasasshen kwafi ba ya samun sabuntawa daga masu shi, kuma ba ka san abin da aka cusa a ciki ba.

Akwai kuma masu alƙawarin kai ka maki 100 a PageSpeed Insights, ma'aunin saurin shafi na Google, cikin awa ɗaya. Wasunsu dabara suke sakawa wadda ke gane na'urar gwajin ta nuna mata shafi fanko, makin ya yi kore, mutane kuwa su ci gaba da jira kamar da. Idan wani ya yi maka aiki, kada ka karɓi hoton maki a matsayin shaida. Ka duba sashen sama na rahoton, inda ake nuna abin da masu amfani da Chrome suka gani a zahiri cikin kwana 28 da suka wuce, idan shafinka yana da baƙi isassu. Sannan ka kashe Wi-Fi, ka buɗe shafin da datar waya a ƙaramar Android, kafin ka tura masa cikon kuɗinsa.