Haya a Bauchi: gidan yawa, sef-kwanten ko ɗaki biyu da falo?

Shekara 9 kenan ina zaman haya a cikin garin Bauchi, gida huɗu na canza, shi yasa duk wanda ya tambaye ni irin gidan da zai kama bana ɓoye masa ra'ayina. Ƙanina ne ya samu aiki a nan, aurensa kuma bayan sallah, kullum sai ya kira ni "Yaya wace unguwa ta fi, wane irin gida zan nema", na gaji da maimaitawa a waya nace bari in rubuta gaba ɗaya ya karanta, wani ma ya tsinci abin da zai tsinta.

Gidan yawa dai kowa ya san shi, ɗakuna a jere, bayi ɗaya ko biyu, madafa ɗaya. Arha kam ba gardama, musamman cikin gari irin su Jahun da Nassarawa da Ƙofar Dumi, kuma kasuwa a bakin hancinka. Amma in kana da iyali, abin da ka rage a kuɗin haya zaka biya shi wajen rabon faɗan shara da layin bayi da asuba. Na yi shekara biyu a ciki, ya ishe ni.

Sef-kwanten kuma, wato ɗaki ɗaya da bayi da ɗan kicin a ciki, ya fi yawa a Gwallameji saboda Federal Poly da kuma ɓangaren Yelwa saboda jami'ar ATBU. Don ɗalibai aka gina su gaskiya, su biyu ko uku suke haɗa kuɗi su kama, shi yasa mai gida baya jin rage maka ko sisi. Gwauro zai iya maneji, amarya da kayan ɗakinta kuwa ko gado da sif ba zai ɗauka ba. GRA ban ma tsaya ba, mai kama gida a can ba irin rubutuna yake karantawa ba.

Ni dai nawa zaɓin ɗaki biyu da falo ne mai ƙofar kansa, a gidan da aka raba sashe biyu ko uku, kuma mai gidan baya zaune a ciki. Wannan na ƙarshen kar ka raina shi, zama da mai gida a gida ɗaya kamar zama da suruki ne, ka dawo ƙarfe goma ya rufe get, baƙonka ya kwana biyu ya fara tambayar yaushe zai tafi. Irin wannan gidan akwai su a Federal Low Cost, Fadaman Mada, wajen Gida Dubu, Tirwun, har Inkil a hanyar Gombe in baka damu da nisa ba. Daɗinsa matarka tana da tsakar gidanta ko ƙarami ne, tayi shanya, ta hura gawayi ranar da gas ya ƙare ba wanda zai ce hayaƙi ya dame shi, ƙanwarta ta zo hutu akwai ɗakin da zata kwana, in Allah ya kawo haihuwa ba sai kun sake tashi ba. Ga falo kuma, abokanka su zo kallon ƙwallo ba sai an kori matar gida ɗaki ba. Kuɗinsa ya fi na sef-kwanten tabbas, amma ka lissafa kuɗin motar kwashe kaya da la'adar dillali da fenti duk lokacin da ka tashi, zaka ga wanda ya zauna shekara biyar wuri ɗaya shine ya ci riba.

Nisa ma abin lissafi ne. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin keke ya zama wata hayar ta biyu, gidan da ka samu arha a bayan gari in kullum sai ka hau keke biyu kafin ka kai kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, yara kuma makaranta safe da rana, wallahi ƙarshen wata sai ka ga arhar ta gudu.

Yanzu ga inda aka ƙona ni, ruwa. Gida na na uku a watan Agusta na duba shi, damina tayi tsakiya, rijiyar gidan cike fal, guga baya gaba biyu ya taɓa ruwa, ga kan fanfo a tsakar gida sabo yana sheƙi, mai gidan yace "ai nan ruwa sai dai ku gaji". Watan Maris yana kamawa rijiya ta koma laka, ka jefa guga ka ji ƙwal a ƙasa, fanfon nan kuwa har na bar gidan ban ga ɗigo ɗaya ya fito ba, ashe ko bututu ba'a haɗa masa ba ado ne kawai. Wata uku cur muna sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa, ga zafin Afrilu, ga jariri, wanki kullum. Ruwan fanfon gari daga dam ɗin Gubi yake zuwa, amma ba kowane layi yake samu daidai da wani ba, sai ka ga layi biyu a unguwa ɗaya wannan na samu wancan babu. Saboda haka kar ka tambayi mai gida, kar ka tambayi dillali. Ka je layin da sassafe ka tsaya wajen mai shayi ka ƙirga kurar 'yan ga-ruwa nawa ta shiga, ka tambayi mai shagon layin wane wata rijiyoyinsu ke ƙafewa. Ka sa yatsa a bakin fanfon, in ka ji ƙura ko yanar gizo ka san labarin. In ance akwai bohol ka tambaya waye ke biyan wutar da ake jan ruwan, in sumo, wato injin jan ruwan, ya ƙone kuma waye zai gyara.

Damina dai tana da amfaninta wajen duba gida, ita ke tona yoyo. In da rani ka je, ɗaga kai ka kalli silin ko akwai tabon ruwa, sannan ka duba gindin bango, in ka ga an shafa sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai to danshi ake ɓoyewa. Unguwar da ke kwari kuma ka bi kwata da ido ka ga inda ruwanta ke tafiya.

Wuta, kamfanin rarraba wuta na Jos, wato JED, ke ba Bauchi. Ka nemi gida mai mitar kati taka kai kaɗai, mitar haɗaka ita ce ake ƙirga ƙwan fitila ana faɗa kan waye ya jona hita ko dutsen guga. Kuma kafin ka biya ka karɓi lambar mitar a duba ko akwai tsohon bashi a kanta, domin in akwai, duk katin da ka saya sai an yanki wani abu, bashin wanda baka taɓa gani ba. Ka tambayi layin wane band ne, wato rukunin da aka sa shi gwargwadon awannin wutar da yake samu, don a Afrilun 2024 an kai Band A naira 225 kowane yunit, su ne aka ce zasu riƙa samun awa 20 a rana, daɗi ne amma aljihu zai ji.

Sai dillalai, nan ne nake so ƙanina ya buɗe kunne. Akwai na kirki sosai, dattawa da kowa ya san majalisarsu, la'adarsu da aka saba kashi 10 cikin 100 ka biya ku rabu lafiya. Amma akwai 'yan damfara da suka shiga rigar, ni kaina sun taɓa ni. Wani matashi ne fes da shi, shadda da hula, ya kai ni gida ya zaro makulli ya buɗe, na shiga ɗaki ɗaki na duba, yace Alhaji yana Abuja shi aka bar wa komai, kuma akwai wani malamin asibiti da zai kawo kuɗi gobe in ina so in ajiye kafin alƙalami yau. Na ba shi, ya rubuta min rasit irin na kantin littattafai har da sa hannu. Ranar da na koma da tsintsiya da bokiti na tarar da wani bawan Allah a ƙofar shima da rasit irin nawa sak, har rubutun iri ɗaya, muka tsaya muna kallon juna. Ashe makullin a hannun mai fenti ya karɓa, mai gidan na gaskiya bai ma san da mu ba, wayar yaron kuwa tun ranar a kashe.

Don haka makulli ba shaida bane. Duk wanda ya fara maka "wani zai kawo kuɗi gobe" ka ce Allah ya sa alheri ya kawo. Sai ka ga mai gida ido da ido, in baya gari a kira shi a gabanka da lambar da maƙwabta suka baka ba wadda dillali ya baka ba, ka bi ta wajen mai unguwa ko limamin masallacin layin su tabbatar maka gidan waye. Kuɗi ta banki, asusun da sunan mai gidan ke kai. Hotunan Facebook da WhatsApp ma ayi hattara, zasu sa maka falo mai tayil da silin na zamani su ce turo kuɗin mai in zo in kai ka, ka tura shikenan, ko a kai ka wani kango a ce wancan yanzu aka kama. Gidan gado shima ka bincika, ɗaya daga cikin magada ya baka haya sauran basu sani ba, wata shida sai ka ji an sa gida kasuwa za'a raba.

A rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, a sa waye zai kwashe sokawe in ta cika, waye zai gyara kwano in iska ta ɗage, kuɗin ajiyar gyara kuma yaushe za'a dawo da shi. Mai biyan shekara shekara abin da aka saba a doka notis ɗin wata 6 ne sai in kun rubuta wani abu daban, to ka karanta kafin ka sa hannu.

Asabar zamu je da ƙanina duba wani gida a Federal Low Cost, nace masa ya zo ƙarfe shida da rabi mu fara da mai shayi, ya taho da cajar waya kuma mu gwada kowane soket.