Waƙoƙi 20, tafiyar shekara 16: sharhina kan faifan Arctic Monkeys na Royal Albert Hall

Ranar 7 ga Yuni 2018 Arctic Monkeys, ƙungiyar mawaƙan rok ta Ingila, suka yi wasa a zauren Royal Albert Hall da ke Landan, aka naɗi sautin daren aka ajiye. Sai ranar 4 ga Disamba 2020 kamfanin Domino ya fitar da shi da sunan Live at the Royal Albert Hall. Waƙoƙi 20 ne, tsawonsu ya kusa awa ɗaya da rabi. Kuɗin tikitin daren da na cinikin faifan duka sun tafi asusun War Child, ƙungiyar da ke tallafa wa yaran da yaƙi ya ɗaiɗaita, wadda annobar korona ta toshe mata hanyoyin tara kuɗi a wancan lokaci. Na sayi na CD mai faifai biyu, ina kuma sauraronsa a waya idan ina kan hanya. Abin da ya sa nake yawan komawa gare shi shi ne, a zama ɗaya yana jiyar da kai yadda samari huɗu na wata unguwa a arewacin Ingila suka girma, kuma yana ƙaryata masu cewa sun watsar da asalinsu.

Wanda bai san su ba, ga asalin nasu. A shekarar 2002 suka haɗu a unguwar High Green da ke gefen birnin Sheffield, garin da aka sani da masana'antun ƙarfe. Alex Turner ne mawaƙi kuma marubucin baitoci, yana riƙe da jita; Jamie Cook na kan jita ta biyu; Matt Helders na kan ganguna; Andy Nicholson kuma na kan jitar bes, mai kaurin amon nan da ke ɗauke da kiɗa daga ƙasa. Wasansu na farko a bainar jama'a a watan Yuni 2003 ne, a wani ƙaramin gidan shaƙatawa mai suna The Grapes. Ba su da kamfani, ba su da mai tallata su. Sai suka riƙa naɗar waƙoƙinsu a sitidiyon 2fly, su kwafa a CD, su raba kyauta ga duk wanda ya zo kallo. Waɗanda suka karɓa suka ɗora a intanet, wannan ya tura wa wancan, kamar yadda waƙa ke yawo a wayoyinmu daga hannun masu turi a kasuwa tun kafin gidan rediyo ya san da ita. Ko shafinsu na MySpace, dandalin sada zumunta na wancan lokaci, masoya ne suka buɗe shi. Kafin manyan kamfanonin Landan su farga, matasa sun haddace baitocin, ana rera su tare da mawaƙin a garuruwan da ƙungiyar ba ta taɓa sayar da faifai ko ɗaya ba.

Manyan kamfanoni sun yi zawarcinsu, amma a 2005 suka zaɓi Domino, kamfani mai zaman kansa da Laurence Bell ya kafa a 1993. Har yau suna tare da shi, kuma a ganina wannan zaɓin ne ya ba su damar yin duk abin da ya biyo baya. Waƙarsu "I Bet You Look Good on the Dancefloor" ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya a watan Oktoba 2005. Kundinsu na farko, Whatever People Say I Am, That's What I'm Not, ya fito a Janairun 2006, ya sayar da sama da kwafi 360,000 a makon farko, abin da babu kundin farko na wata ƙungiya da ya taɓa yi a ƙasar kafin nan. A shekarar suka ci kyautar Mercury, wadda ake ba kundin da ya fi fice a shekara. Turner bai daɗe da cika shekara 20 ba.

Waƙoƙi uku daga wannan kundi suka shigo faifan da nake sharhi a kai, kuma a nan na fi daɗewa ina maimaitawa. Ɗauki "From the Ritz to the Rubble". Labarin saurayi ne da masu gadin ƙofar gidan rawa suka hana shiga, yana ba da labarin cikin fushi da sauri, kalma na bin kalma ba numfashi. A kundin 2006 muryar yaro kake ji, siririya, cike da karin harshen mutanen Yorkshire, har sai ka kasa kunne sosai kafin ka tsinci abin da yake faɗa. A daren 2018 mutumin ya kai shekara 32, muryar ta yi kauri, ta sauko ƙasa, yana jan wasu kalmomi yana sakinsu a makare. Fushin ya tafi, abin da ya rage shi ne mutum yana tuna yarintarsa yana jin daɗin tunawar. Amma gangunan Helders ba su tsufa ba ko kaɗan. A "The View from the Afternoon" akwai inda kiɗan ke tsayawa cak, ka ɗauka an gama, sai ya dawo da duka kamar an ɓalle ƙofa, zauren ya ɗauki ihu. Duk lokacin da na zo wurin nan sai tsigar jikina ta tashi.

Helders ɗin nan ya cancanci a tsaya a kansa. Mutane sun fi maganar Turner, saboda shi ke gaba, shi ke canza aski da sutura duk bayan kundi. Amma idan ka saurari faifan daga farko zuwa ƙarshe kana bin ganguna kawai, za ka gane wanda ke riƙe da ƙungiyar. A "Brianstorm", waƙa ta biyu a daren, hannunsa na gudu kamar ba na mutum ɗaya ba. Waƙar daga kundi na biyu take, Favourite Worst Nightmare na 2007, wanda suka yi bayan Nicholson ya bar su a 2006, Nick O'Malley ya gaje shi. A 2007 ɗin ne suka fara jagorantar Glastonbury, babban bikin kiɗa na Ingila, suna samari 'yan shekara ashirin da kaɗan. Daga kundin kuma akwai "505", wadda ke farawa a hankali da sautin ogan, tana tara ƙarfi har ta fashe a ƙarshe. Shekaru da yawa bayan fitarta matasan TikTok suka sake tono ta, ta zama kamar sabuwa.

Karo na farko da masoya suka yi gunaguni shi ne 2009. Suka bar Ingila suka tafi hamadar Kalifoniya, sitidiyon Rancho De La Luna a yankin Joshua Tree, wajen Josh Homme na ƙungiyar Queens of the Stone Age. Abin da suka dawo da shi, Humbug, ya zo da nauyi da duhu, saurin nan ya ragu, baitocin suka daina ba da labarin layin tasi da daren Asabar, suka koma zaurance. Da yawa suka ce an lalata musu yara. Ni kuwa ina ganin ba don Humbug ba da yanzu an manta da su, kamar yadda aka manta da ƙungiyoyi barkatai da suka taso tare da su suka yi ta maimaita kundin farko har kunne ya gaji. Faifan Royal Albert Hall ya goyi bayana a nan. "Crying Lightning" da "Pretty Visitors" sun zauna daram a tsakiyar sauran, babu alamar baƙunta. "Cornerstone" kuwa ita ce ta fi taɓa ni a daren gaba ɗaya: labarin mutumin da ke yawo wuri zuwa wuri yana ganin fuskokin da suka yi kama da wadda ya rasa, yana roƙon a bar shi ya kira su da sunanta. Muryar Turner ta yanzu ta fi dacewa da ita fiye da ta lokacin da ya rubuta ta.

Kundin 2011, Suck It and See, waƙa ɗaya tak aka ba shi, kuma wannan ya dame ni. Zan dawo kansa.

Sai AM na watan Satumba 2013, wanda ya buɗe musu ƙofar Amurka bayan sun riga sun yi wasa a bikin buɗe gasar Olamfik ta Landan a 2012. A nan suka auri jitar rok mai nauyi da takun kiɗan hip-hop, Helders da O'Malley na amshi da siririyar murya a baya. "Do I Wanna Know?" ta wuce kallo biliyan ɗaya a YouTube. Waƙoƙi biyar aka ɗauko daga kundin, har da "R U Mine?" da aka rufe daren da ita. An kaɗa su da kyau, babu tangarɗa, amma su ne suka fi kama da yadda suke a sitidiyo, don haka ba su ƙara mini wani abu sabo ba.

Inda faifan ya biya ni kuɗina da gaske shi ne waƙoƙi biyar na Tranquility Base Hotel & Casino. Kundin ya fito a watan Mayu 2018, wato bai cika wata ɗaya ba aka yi wannan wasa, kuma a lokacin ƙurar rigima ba ta lafa ba. Manajansu ya ba Turner kyautar fiyano da ya cika shekara 30, shi kuma ya ajiye jita ya rubuta kundi guda a kan fiyanon, game da wani otal na ƙirƙira a duniyar wata, a daidai inda kumbon Apollo 11 ya sauka a 1969. Ba amshin da za a yi tsalle a kai, ba su ma saki waƙa ko ɗaya ba kafin ranar fitarsa. Masu jiran AM na biyu suka yi tir. Wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, haka abin ya kasance ga mutane da yawa. To amma a kan dandamali, da ƙarin makaɗa a bayansu, waɗannan waƙoƙi sun sami jini a jika. Da "Four Out of Five" aka buɗe daren, kuma ƙarshenta a nan ya fi na sitidiyo ƙarfi nesa ba kusa ba, jitoci na hawa kan juna har sai ta zube cikin "Brianstorm". Shekara 11 ke tsakanin waƙoƙin biyu, amma ba ka jin an ɗinka wani abu da ƙarfin tsiya. "Star Treatment" tana buɗewa da Turner yana faɗin cewa burinsa na yarinta bai wuce ya zama ɗaya daga cikin The Strokes ba, ƙungiyar New York da ta sa shi ɗaukar jita tun farko. Jin wannan furuci a zaure mai ɗaukar mutum sama da 5,000, jim kaɗan bayan waƙar da ta fara ɗaga shi a 2005, ya sa na fahimci cewa mai lura da mutanen unguwa ɗin nan yana nan yadda yake. Abin da yake gani a gabansa ne ya canza: da masu gadin ƙofa da direbobin tasi ne, yanzu shahara ce da talabijin da wayoyin hannu.

Yanzu ga abin da bai gamsar da ni ba. Rabin faifan, waƙoƙi 10 cikin 20, daga kundi biyu na ƙarshe a lokacin suka fito. Na san dare ne na rangadin tallata sabon kundi, ba a shirya shi don ya zama tarihi ba, amma mai saye a yau da niyyar sanin ƙungiyar zai rasa manyan abubuwa. Babu "Mardy Bum", babu "When the Sun Goes Down", babu "A Certain Romance", babu "Fluorescent Adolescent". Waɗannan su ne suka nuna gwanintar Turner wajen zana halin talakan Ingila da 'yan kalmomi, da tausayi a ciki. Suck It and See kuma, wanda ke ɗauke da wasu daga cikin waƙoƙin soyayyarsu mafi laushi, an wakilce shi da mafi hayaniyar waƙoƙinsa, ta yadda baƙo zai yi masa gurguwar fahimta. Sannan Turner ba mai yawan magana ba ne tsakanin waƙoƙi. Wanda ke son jin mawaƙi yana hira da jama'arsa ba zai samu da yawa a nan ba.

Wani abu da ya kamata in faɗa wa mai karatu: baitocin, musamman na farkon tafiyar da na AM, suna yawan zagaya rayuwar dare, shaye-shaye da neman mata irin na matasan can. Ba batsa ce tsirara ba, sau da yawa ma suka ce a fakaice, amma ba kiɗan da zan kunna a mota da yara ba ne.

Tafiyar ba ta tsaya a 2018 ba. A watan Oktoba 2022 suka fitar da The Car, inda suka ƙara nitsa cikin kiɗa mai sanyi da gogen Turawa. Shi ne kundinsu na farko da bai hau matsayi na ɗaya a Birtaniya ba, ya tsaya na biyu a bayan na Taylor Swift da ya fito rana ɗaya da shi, bayan shida a jere sun hau. A 2023 suka jagoranci Glastonbury karo na uku. Babu ko ɗaya daga cikin wannan a faifan, kuma ina fata wata rana su fitar da naɗin wasan da ya haɗa da waɗannan sababbin, don in ji ko su ma za su tashi a kan dandamali yadda na 2018 suka tashi.

Idan kai sabo ne, shawarata ka fara da kundin 2006 sukutum, ka bi da AM, sannan ka zo nan, domin sai ka san muryar yaron kafin ka ji daɗin ta babban. Idan kuma kana cikin waɗanda suka yi fushi suka tafi a 2018, faifan nan naka ne kafin kowa; ka fara daga waƙar farko, kada ka tsallake. Kuma don Allah a nemi lasifikar kunne mai kyau ko babbar rediyo, saboda ƙaramar lasifikar waya tana haɗiye jitar O'Malley, alhali waƙoƙin 2013 da na 2018 a kanta suke tsaye.